Darasi na 17: Ƙwaya bisa ƙwaya, yadda ake haɗa magungunan kashe ciwo

Garin Filinge yana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Shi ne babban garin ƙasar Kurfai. Mutanen ƙasar manoma ne da makiyaya. Da damina suna wuni bisa hauya, da kaka suna girbin hatsi da ɗaukar damma, da rani kuwa ga jan guga a bakin rijiya, ga ban ruwan dankali a fadamun Bonkuku. Mata suna daka, suna ɗaukar itace da ruwa. Aiki irin wannan ba ya rasa barin ciwon baya, da ciwon gaɓoɓi, da ciwon kai.

Saboda haka ƙwayoyin kashe ciwo sun shiga kusan kowane gida. Ana samun su a gidan likita da farmasi, ana kuma samun su a kasuwa, kamar ta Baleyara ranar Lahadi, inda masu talla suke jera su bisa faranti. Sau da yawa ɗan makaranta ake aikawa ya sayo, shi kuma ake miƙa wa kwali a ce ya karanta. Ke nan wanda ya iya karatu shi ne mai gadin gida a wannan fanni, ko da shi ne ƙarami.

Gida biyu ne

Sunayen da ke bisa kwalaye suna da yawa, amma magungunan kansu kaɗan ne, kuma gida biyu suka fito.

Gida na farko mutum ɗaya ne a cikinsa, watau farasitamol. Yana rage ciwo, yana sauke masassara, amma ba ya sauke kumburi. Ya bazu a duniya ne daga wajen shekarar 1955. A Ingila aka sa masa suna Panadol, a Faransa Doliprane da Efferalgan. Duk abu guda ne, riga ce kawai ta bambanta.

Gida na biyu ƴan'uwa ne da yawa. Babbansu asfirin, wanda wani masani mai suna Felix Hoffmann ya haɗa a kamfanin Bayer na ƙasar Jamus a 1897, aka soma sayar da shi a 1899. Sai ibufurofen, wanda Stewart Adams da abokan aikinsa suka gano a garin Nottingham na Ingila, aka soma ba marasa lafiya a 1969. Akwai kuma dikilofenak, wanda masu ciwon baya suke yawan nema a kasuwa, ko da yake likita ya kamata ya rubuta shi. Waɗannan suna rage ciwo, suna sauke masassara, suna kuma sauke kumburi. Shi ya sa suka fi farasitamol aiki a kan targaɗe, da ciwon haƙori, da ciwon mara.

Mutane sun yi shekara fiye da 70 suna shan asfirin ba wanda ya san yadda yake aiki. Sai a 1971 wani masani ɗan Ingila, John Vane, ya gano asirin, har aka ba shi kyautar Nobel a 1982. Ga abin da ya gano. Idan wani wuri ya ji rauni, jiki yakan yi wani sinadari da ake kira furostagilandin. Shi ne ke kawo kumburi, shi ke ƙara zafin ciwo. Asfirin da ƴan'uwansa suna hana jiki yin wannan sinadari, sai ciwo ya lafa.

To, amma sinadarin ba ciwo kaɗai yake kawowa ba, yana da ayyukan alheri. Shi ne ke sa ciki ya yi wa kansa shafe mai yauƙi, don kada ruwan tsamin da ke narkar da abinci ya ci bangonsa. Shi ne kuma ke buɗe wa jini hanya zuwa ƙoda, musamman lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Idan magani ya hana yin sa, ciki ya rasa shafensa, ƙoda ta rasa mai buɗe mata hanya. Asfirin yana da wani hali kuma: yana hana jini daskarewa da wuri, kuma ƙwaya ɗaya tana iya barin wannan alama a jini har kwana 7 ko fiye.

Farasitamol ba ya bin wannan hanya. Aikinsa ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da laka, kuma ba ya cin ciki. Nauyinsa bisa hanta yake sauka. Hanta ce ke farfasa shi don a fitar da shi cikin fitsari. Wajen farfasawar, wani ɗan kaso yakan koma dafi. Hanta tana da ajiyar wani abu mai kashe wannan dafi, kamar rumbun da aka cika da kaka. Idan an sha daidai, rumbun yana isa, yana kuma sake cika. Idan an zarce, rumbun ya ƙare, dafin ya shiga cin hantar kanta.

Jaki biyu

Manomin da zai kai damma gida, in yana da jaki biyu, yakan raba musu kaya. Ba ya ɗora wa ɗaya kayan biyu ya bar ɗayan haka nan. Haɗa magungunan nan ma haka yake. Farasitamol jakinsa hanta. Ibufurofen da ƴan gidansu jakinsu ciki da ƙoda.

Don haka babban mutum mai ƙoshin lafiya yana iya shan farasitamol da ibufurofen a rana ɗaya, tare ko bi da bi, in dai kowane bai wuce ƙa'idarsa ba. Likitocin haƙori suna yawan rubuta su haka, domin biyun tare sun fi kowane ɗaya shi kaɗai. Amma ba a haɗa biyu daga gida na biyu. Ibufurofen da asfirin, ko ibufurofen da dikilofenak, kaya biyu ne bisa jaki ɗaya. Sauƙin da ake samu ba ya ƙaruwa, haɗarin gyambon ciki da zubar jini ne ke ƙaruwa. Haka nan ba a haɗa farasitamol da farasitamol. Wannan kamar wasa ne a ji, amma shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma za a ga dalili nan gaba.

Ko da an halatta haɗin, ba da shi ake farawa ba. Ana farawa da farasitamol shi kaɗai, a jira awa ɗaya. In ya isa, shi ke nan. In bai isa ba, sannan a duba ko mutum yana cikin waɗanda aka yarje wa ibufurofen.

Awo da lokaci

Ana auna magani da miligiram. Miligiram 1000 shi ne giram 1. Ƙwayar farasitamol ta manya galibi miligiram 500 ce, akwai kuma ta 1000. Babban mutum wanda nauyinsa ya wuce kilo 50 yana shan 500 zuwa 1000 a lokaci guda. Sai ya bar awa 6 kafin ya ƙara, in ciwo ya matsa ƙwarai awa 4, ba ƙasa da haka ba. Wanda yake sha da kansa, ba likita ya rubuta masa ba, ya tsaya a 3000 cikin yini da kwana. Ko da umurnin likita ba a wuce 4000.

Ƙwayar ibufurofen 200 ce ko 400. Ana shan 200 zuwa 400, a bar aƙalla awa 6, kada a wuce 1200 a rana. Ana shan sa bayan an ci abinci, da cikakken kofin ruwa.

A ƙauye mutane sun fi lissafin lokaci da salla. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana da tarko. Daga asuba zuwa azahar akwai tazara mai yawa. Daga azahar zuwa la'asar kuwa awa 2 ce ko 3, daga magariba zuwa isha'i ma ba ta kai haka ba. Wanda ya ce zai sha ƙwaya biyu bayan kowace salla, ya sha ƙwaya 10 ke nan, miligiram 5000, kuma mafi yawansu a cunkushe da yamma. Idan an ce sau uku a rana, to, da asuba ne, da azahar, da lokacin kwanciya.

Farasitamol mai ɓuya

Ga misali. Wani manomi ya tashi da mura da ciwon jiki a lokacin girbi, kuma ba ya son aiki ya tsaya. Da asuba ya sha farasitamol ƙwaya biyu, 1000 ke nan. Da hantsi ya sayi maganin mura ya sha biyu, bai san kowace tana ɗauke da farasitamol 500 ba, ya zama 2000. Da azahar wani abokin aiki ya ba shi kafso biyu na ciwon jiki, kowane da farasitamol 325 a ciki, ya zama 2650. Da la'asar ya jefa babbar ƙwaya mai tafasa cikin ruwa ya shanye, ita kuma 1000 ce, ya zama 3650. Da dare ya ƙara farasitamol biyu. Jimla 4650.

In an tambaye shi, zai rantse sau biyu kawai ya sha farasitamol, sauran magunguna ne dabam. Ba ƙarya ya yi ba, bai karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙarƙashin babban suna ba ne. Magungunan mura irin su Fervex da Mixagrip suna da farasitamol. Ibucap yana da ibufurofen da farasitamol da kafeyin a haɗe, watau ya riga ya ɗora wa jakan biyu kaya, ba a ƙara masa ko ɗaya. Garin Alabukun da ake kawowa daga Najeriya asfirin ne da kafeyin, don haka ba a bin sa da ibufurofen.

Abin da ya sa wannan kuskure yake da muni shi ne dafin farasitamol ba ya nuna kansa da wuri. Ranar farko mutum ba ya jin komai, ko ya ji tashin zuciya kawai. Sai bayan kwana 2 ko 3 gefen dama na cikinsa ya soma ciwo, idanunsa su yi rawaya, hankalinsa ya rikice. A lokacin hanta ta riga ta ɓaci. Akwai makarin wannan dafi a asibiti, sunansa asetilsistayin, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. Saboda haka wanda ya gane ya zarce awo, ko uwar da ta tarar da yaro ya buɗe katin ƙwayoyi ya haɗiye, ba su jiran alama. A tafi asibitin Filinge ko gidan likita mafi kusa nan take, a riƙe kwalin a hannu.

Ba ƙasar Kurfai kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Faransa, inda kusan kowa ya iya karatu, hukuma ta hana jera farasitamol da ibufurofen da asfirin a inda mai saye zai ɗauka da hannunsa tun watan Janairu na 2020. Sai ya tambayi mai farmasi, don a yi masa bayani.

Waɗanda gida na biyu bai karɓa ba

Mace mai ciki ba ta shan ibufurofen, ko asfirin, ko dikilofenak da kanta. Daga wata na 6 an hana su ɗungum a matsayin maganin ciwo, domin suna iya taɓa zuciyar jariri da ƙodarsa. Nata farasitamol ne, shi ma kaɗan, bayan ta shaida wa ungozomar asibiti. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya, da mai fukar da ke tashi in ya sha asfirin, su ma an hana su. Mai hawan jini da tsoho sai sun tambaya. Dattijon da likita ya rubuta wa ƙaramin asfirin na kullum don zuciya kada ya ƙara ibufurofen a kai, domin yana iya rage wa asfirin ɗin amfani.

Sai maganar ƙishirwa, wadda ta shafi ƙasar nan ƙwarai. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Makiyayin da ya wuni bayan shanu a dajin Tukunus, da mai azumi, da yaron da ke zawo ko amai, duk jikinsu ya rasa ruwa. A lokacin ne ƙoda ta fi bukatar sinadarin nan mai buɗe mata hanyar jini. Ibufurofen bisa ƙishirwa yana iya tsayar da ita. Mai azumin da yake bukatarsa sai ya sha ruwa, ya ci abinci, sannan ya sha magani.

Wanda maciji ya sara, musamman kububuwa, ba a ba shi asfirin ko ibufurofen. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, su kuma suna ƙara wa wutar itace. Haka ma cututtukan masassara masu sa zubar jini, kamar wadda ta ɓulla tsakanin makiyayan Cintabaradan da Tasara a jahar Tawa a 2016, ko dengi da ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023. Tun da ba a gane su da ido a kwanakin farko, maganin masassarar da ba a san dalilinta ba farasitamol ne kawai.

Shi ma farasitamol yana da waɗanda zai yi wa a hankali: mai ciwon hanta ko shawara, mai shan giya, da wanda tamowa ta kama. Rumbun hantarsu ba cike yake ba tun farko.

Idan mai shan gida na biyu ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ko fuskarsa ta kumbura, ya daina sha, a kai shi asibiti.

Yara

Yaro ba rabin babba ba ne. Da nauyi ake auna masa, ba da shekaru ba, ba da ido ba. Ƙa'idar farasitamol ita ce miligiram 15 ga kowane kilo, kowace awa 6, kada a wuce sau 4 a rana. Yaro mai kilo 20 zai sha 15 sau 20, watau 300. Cikakkiyar ƙwayar manya ta yi masa yawa, rabinta 250 ta dace.

Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin sai da umurnin likita. A 1963 wani likita a ƙasar Ostiraliya, Douglas Reye, ya bayyana wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hantar yara. Daga baya aka gane tana bin yaran da aka ba asfirin lokacin mura mai zafi ko ƙarambau. Da aka daina ba su, cutar ta kusa ɓacewa. Mai ƙarambau ko ibufurofen ba a ba shi. Haɗa wa yaro magani biyu kuma ba aikin gida ba ne, aikin majo ne, watau babban malamin jinya na gidan likita.

Wata uwa ta kawo ɗanta gidan likita, jikinsa zafi rau.

Majo ya ce, "Sannu, Inna. Tun yaushe?"

Ta ce, "Yau kwana uku, likita. In na ba shi farasitamol sai ya ji sauƙi har ya yi wasa, in an jima ya koma."

Ya ce, "Ai kin rufe bakin mai kuka ne, Inna, ba ki kori abin da ke cizonsa ba. Kawo yatsansa a gwada."

Aka ɗiga jini bisa ɗan allon gwaji, cikin minti 15 ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Maganin wannan dabam ne, na kwana 3, kuma ba ƙwayar kashe ciwon da ke maye gurbinsa. Da damina da farkon kaka, yaron da jikinsa ya yi zafi a ranar ya kamata a gwada shi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na hukuma. Da rani kuma, ciwon kai mai tsanani da masassara da sandarewar wuya alamar sanƙarau ce, ba a tsayawa neman ƙwaya. Babba ma in ciwo ya wuce kwana 5 yana shan magani bai tafi ba, akwai abin da ke ƙarƙashi.

Inda aka sayo

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne in abin da aka rubuta bisa kwali shi ne a ciki. Mai tallar faranti yakan ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar cikin leda, ja da fari da rawaya, ya ce na ciwon jiki ne. Ba suna, ba awo, ba ranar lalacewa, sun kuma sha rana. Cikin ƙulli ɗaya ana iya samun ibufurofen da dikilofenak tare, wani lokaci har da tiramol, wanda magani ne mai ƙarfi na asibiti, mai kama mutum ya kasa bari, mai sa farfaɗiya in an zarce. Launin ƙwaya ba ya faɗin sunanta. A 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan a Najeriya bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai dafi. Don kauce wa irin wannan ne ƙasashe suke sa ido kan hanyar da magani ke bi. A Nijar an kafa ofishin ONPPC tun 1962, don ya riƙa sayo magunguna yana rarraba wa gidajen likita da farmasin hukuma.

Kalmomin Faransanci da ke bisa kwali

Composition: abin da aka haɗa a ciki. Nan ne farasitamol mai ɓuya yake fitowa fili.
Comprimé: ƙwaya. Gélule: kafso. Sirop: maganin ruwa. Effervescent: mai tafasa cikin ruwa.
Posologie: awon da za a sha da lokacinsa.
Contre-indications: waɗanda aka hana wa.
AINS: alamar dukan ƴan gida na biyu.
EXP ko Péremption: ranar lalacewa.

Tambayoyi da aiki

1. Wane sashen jiki ne ke ɗaukar nauyin farasitamol? Waɗanne ne ke ɗaukar nauyin ibufurofen?
2. Me ya sa ake iya haɗa farasitamol da ibufurofen, amma ba a haɗa ibufurofen da garin Alabukun?
3. Yarinya tana da kilo 16. Miligiram nawa na farasitamol za ta sha a lokaci guda? Nawa ne iyakarta a rana?
4. Wani magini ya sha farasitamol 1000 da ƙarfe 6 na safe. Da ƙarfe 8 aka miƙa masa maganin mura. Me ya kamata ya duba, kuma ƙarfe nawa zai iya sha?
5. Don me ba a jiran alama kafin a kai wanda ya zarce awon farasitamol asibiti?
6. Kowane ɗalibi ya nemi izinin iyayensa ya kawo kwalin magani wanda ba komai a ciki. A karanta Composition, a raba kwalayen kashi uku bisa tebur: na gida na farko, na gida na biyu, da waɗanda suka haɗa biyun. A rubuta sunayensu cikin Hausa da Faransanci.